Kawu Ticha da Harshen da Ya Rage Masa

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, rumfar da aka kafa a ƙofar gidanmu na unguwar Asawase ba ta ɗauke mutane ba. Wasu sun zauna a bakin kwata, wasu sun aro bencin mai kooko na bakin layi. Direbobin ƙananan bas ɗin haya da ake kira trotro sun ajiye motocinsu da rana tsaka, abin da ba sa yi ko ranar Salla. Matan kasuwa sun taho daga Alabar da mayafansu a kai, ƙafafunsu duk ƙura. Wata mata 'yar ƙabilar Asante mai sayar da burodi a Ashanti New Town ta zo cikin baƙin zane kamar yadda suke yi, ta durƙusa gaban mahaifiyata tana kuka da yarensu na Twi, tana kiran "Ticha, Ticha," har sai da aka ɗaga ta.

Amma ba kukan ne ya tsaya mini a rai ba. Raɗar ce. Duk wanda ya yi mana sannu da haƙuri, sai ya matso kusa, ya rage murya, ya ce, "Ya samu ya faɗa kuwa?" Wata tsohuwa ta riƙe mini hannu da ƙarfi ta ce, "Ɗiyata, ke kina wurin. Gaya mini gaskiya, da wane harshe ya tafi?" Idonta cike da tsoro, kamar amsar tata ce ba ta Kawu ba.

Saboda wannan tambaya nake rubutu. Ina tsoron nan gaba, in an ambaci Kawu a Zongo, unguwannin Hausawa na garin nan, a ce, "Au, mutumin nan da harshensa ya juye?" a tsaya nan.

Ƙanin mahaifiyata ne. Mu muna ce masa Kawu, sauran gari na ce masa Ticha, don ya koyar a makarantar gwamnati har ya yi ritaya. Dogo ne siriri, da farar riga a goge kullum, da tabarau wanda hannunsa ɗaya ya karye aka ɗaure da zare. Muna yara ba abin da muke tsoro irin mu yi karo da shi a lungu. Ba ya duka. Tsayar da kai kawai zai yi ya tambaye ka da Turanci ina za ka. In ka amsa da Turancin tasha, to ka gama tafiya. Nan za ka tsaya kana maimaitawa har sai maganar ta fito daidai.

Ni ma ya taɓa kama ni. Mma, wato mahaifiyata, ta aike ni sayen waakye, dafaffiyar shinkafa da wake, ina dawowa da kwanon a kai na gan shi tafe. Na so in koma baya, ya riga ya gan ni. Ya tambaye ni daga ina nake. Na ce, "I am come from market." Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Again." Na sake, na sake yin kuskure. Ya ce, "Again." Ina tsaye, mutane na wucewa suna dariya, har abincin ya huce a kaina. Da na isa gida ina kuka, Mma ta ɗauki mayafi ta tafi ta same shi, na ji muryarta daga nesa tana cewa, "Yarinyar nan alƙali za ta zama ne? Ka bar mini 'ya ta sha iska!"

Da ta dawo, sai na ga fushin ya sauka, wani abu ya maye gurbinsa. Ta zaunar da ni ta ce in daina jin haushinsa, akwai abin da ban sani ba.

Suna da yaya, in ji ta, babbansu, wanda ban taɓa gani ba. Yaron mota ne a wata babbar motar goro da ke bin hanyar arewa, yana koyon tuƙi a hannun maigidansa. Wata rana motar ta buge wani mutum a gefen wani gari, mutumin ya mutu. Direban ya faɗa daji. Yayan nasu ya tsaya kusa da gawar, don yana ganin bai yi laifin komai ba. Da aka kama shi aka tambaye shi da Turanci ko shi ke tuƙi, sai ya amsa da ɗan Turancin da ya tsinta a tasha: "I drive." Nufinsa ya iya tuƙi, yana ma ɗan alfahari da hakan. Aka ɗauka ya ce shi ke riƙe da sitiyari a lokacin. Ranar shari'a Kawu yana wurin tare da mahaifinsu, yana ɗan makaranta, kuma duk cikin dangi shi kaɗai ya gane abin da aka karanta. Aka ɗaure yayan. Ciwon ƙirji ya kama shi a can, bai fito da rai ba.

Mma ta ce, "Tun ran nan kawunki bai sake jin mutum ya yi kuskuren Turanci ya yi dariya ba."

Shi da kansa bai taɓa ba ni wannan labari ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Ni wanda bai iya Turanci ba ba ya ba ni tsoro, don zai yi shiru a nemo masa tafinta. Mai rabin Turanci nake ji wa tsoro. Shi ne zai buɗe baki ya ɗaure kansa."

Da ya yi ritaya sai ya mayar da zauren gidansu aji. Bayan la'asar ake zama. Allonsa falankin katako ne da ya shafa wa baƙi, ya ja layi biyu ya raba shi gida uku: jiya, yau, gobe. Ɗalibansa manya ne, direbobi da teloli da masu sayar da atamfa, da samarin da suka zo daga Nijar ba su daɗe ba. Da na girma na buɗe shagon ɗinki a Alabar, ni ma na koma na zauna a bencin baya. Yana da wata 'yar rula ta katako da yake buga wa benci. Sai ya buga, mu ɗauka gaba ɗaya: "I go, I went, I have gone." Ya sake bugawa: "Again!"

Ba ya son jimlolin littafi, irin na yaro ya harba ƙwallo. Yakan ce wanda zai tsaya gaban likita ko ɗan sanda ba ƙwallo za a tambaye shi ba. Jimlolinsa su ne, "I was not there." "I did not see him." "She has not eaten since morning." Sai ya sa ka mayar da ita jiya, ka mayar da ita gobe, ka mayar da ita tambaya, ka ƙaryata ta. In ka bar wata 'yar kalma a baya, sai ya nuna ka da rula ya ce, "Ka san abin da ka faɗa yanzu? Ka ce kana wurin. An tafi da kai." Mutane su yi dariya, shi ba ya yi. Wani lokaci ina fita daga zauren nan ina jin kamar duk garin tarko ne, kuma bakina ne zai jefa ni.

Amma mutumin nan da ke sa ƙato gumi saboda kalma ɗaya, na ga abin da ya yi wa wata bazawara. Daga Nijar ta zo da mijinta, mijin ya rasu ya bar ta da yaro mai ciwon farfaɗiya. Ba ta jin Twi, ba ta jin Turanci, tana tsoron asibiti kamar kabari, don an taɓa yi mata tsawa a can ba ta gane laifinta ba. Kawu ya sa matarsa, wadda muke kira Inna, ta riƙa kawo ta tsakar gida da safe. Bai buga mata rula ba. A hankali ya koya mata yadda za ta faɗi yaushe ciwon ya fara, yaushe ya tashi na ƙarshe, wane magani yaron ya riga ya sha. Ranar zuwa asibiti shi ya saɓa yaron a kafaɗa har bakin mota, da farar rigarsa. Da aka kira su, ta kama hannun rigarsa ta ce, "Baba, ka shiga ka faɗa a madadina." Ya ce, "A'a. Ina nan bakin ƙofa. In kin maƙale ki waiwayo. Amma wata rana ba ni nan, yaron kuma yana nan." Ta shiga, ba ta waiwayo ba. Lokacin jana'izarsa ita ce ta kwana biyu tana wanke mana tukwane.

Rigimarsa ɗaya da kowa ya sani ita ce wadda ya yi da limamin masallacin layinmu, wanda kuma surukinsa ne, yayan Inna. Bango ɗaya ne tsakanin zauren da masallacin. Wata yamma muna cikin ɗaukar karatu da ƙarfi, tsofaffi na lazimi a ɗaya gefen, sai ga Liman a bakin ƙofa da carbinsa. Muka dakata da karatun.

Ya ce, "Ticha, mutane na ambaton Allah ba sa jin kansu. Ka cika bakin bayin Allah da yaren da ba za a tambaye su da shi a kabari ba. Ka ji tsoron ranar da za ka nemi kalma ka tarar wannan ne kawai a bakinka."

Kawu ya ajiye alli ya ce, "Liman, kai kana shirya su saboda kabari. Ni ina shirya su saboda hanyar da za su bi kafin su kai can. Kowa ya yi nasa."

Daga ranar magana ta yanke tsakaninsu. Kawu bai daina salla a bayansa ba, yana sahun gaba kullum, amma in an sallame sai kowa ya kama gabansa. Ya dai matsar da ajin zuwa tsakar gida, ya ce saboda zafi ne. Inna ce ta sha wahalar wannan gaba, tana tsakanin miji da yaya, ba ta iya ambaton ɗaya a gaban ɗaya. Haka suka yi shekara da shekaru.

Ina shago aka kira ni aka ce Kawu ya faɗi. Yana cikin rubutu a allo allin ya suɓuce, bakinsa ya karkace, ya zame ƙasa. Ɗalibansa direbobi suka ɗauke shi zuwa asibiti. Aka ce jini ne ya hau ya taɓa kai. Gefen damansa ya mutu.

Ina wurin sa'ad da ya farka. Inna ta sunkuya ta ce, "Sannu, Malam. Yaya jikin?" Ya dube ta, kuma na rantse ya gane ta. Ya buɗe baki da ƙyar. Abin da ya fito shi ne, "I go. I went. I have gone."

Inna ta ja da baya har ta bugi gadon da ke kusa. Mma ta ce, "Innalillahi," ta kama bango. Shi ma ya ji abin da ya faɗa. Idonsa ya fito, ya sake gwadawa, jimlar nan dai ta sake fitowa.

Hausa ta tafi. Twi ya tafi. Sunan Inna ya tafi. Da muka ce ya biya Fatiha tare da mu, leɓɓansa suka motsa, amma jimlolin zaure ne suka zubo. Likita ya yi mana bayani da sassauci, ya ce hankalinsa na nan, hanyar magana ce ta toshe, kuma a irin wannan ciwo wani lokaci abin da baki ya saba maimaitawa shi ke samun hanyar fita. Don ya kwantar mana da hankali ya faɗa. Amma Mma ta fito waje ta zauna a dakali ta ce da ni, "Kin ji? Wato ya fi maimaita wannan a kan sunan Allah?"

Muka dawo da shi gida. Magana ta riga mu isa. Wasu suka ce aljani ne Bature ya shige shi. Wasu suka tuno abin da Liman ya faɗa a bakin zaure, suka ce baki ne ya kama shi. Masu zuwa dubiya suka riƙa tsayawa daga bakin ƙofa, su yi sannu su juya da sauri, iyaye suka hana yara shiga. In ka wuce ta bayan tagarsa sai ka ji murya a shaƙe tana cewa, "I was not there. I did not see him." Ni da na san inda jimlolin suka fito, ni ma wani lokaci sai na tsaya na yi ta'awwizi kafin in ɗaga labule.

Na riƙa rufe shago da wuri ina zuwa in zauna da shi. Na ɗauki hanyarsa. In nuna kofi in ce, "Kawu, ruwa. Ka ce ruwa." Ya dubi kofin, jijiyar wuyansa ta tashi, sai wata jimla ta Turanci ta faɗo, ya runtse ido. Wata rana ana kiran sallar la'asar ta bayan bango, sai ya cafke mini hannu da hagunsa, da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya nuna wajen masallacin da ido, ya nuna bakinsa. Ya ce, "I cannot. I could not." Hawaye na bin gefen fuskarsa. A nan na gane abin da muke tsoro a tsakar gida muna raɗa, shi ya fi mu jin tsoronsa, kuma yana kwance da shi shi kaɗai ba ya iya gaya wa kowa.

Na gaya wa Inna. Ta ɗauki mayafi ta fita. Ban san abin da ta gaya wa yayanta ba. Washegari bayan la'asar sai muka ji sallamarsa a tsakar gida.

Ya shiga ɗakin ya zauna a tabarma kusa da katifar. Sannan ya ce, "Ticha, na zo. Abin da na faɗa maka a bakin zaure, cikin fushi na faɗa. Allah ba ya aiki da fushina. Ka ji ko?" Kawu ya lumshe ido ya buɗe.

Liman ya juyo gare ni ya ce, "Ɗiyata, yaya yake koya muku? Nuna mini." Na ce guntu-guntu yake yi, sai an kama na farko a je na biyu, kuma ba ya gajiya da sa mutum ya sake. Ya ce to. Ya matsa kusa, ya ɗora hannu a gwiwar Kawu, ya ɗauko masa farkon kalmar shahada, ya ce, "La. Iyakarta ke nan yau. La."

Tun daga ranar bai yi fashi ba. Da an sallame la'asar sai ya zagayo. Tsoho ne shi ma, ƙafarsa na ciwo, sai ya dafa bango yake zama. Ya ce "La," Kawu ya yi ta kokawa, Turanci ya kufce masa, Liman ya ce, "Ba komai. Sake." Akwai ranar da "La" ta fito sarai, Inna ta fashe da kuka a bakin ƙofa. Akwai ranar da ya kai "La ila," sannan harshen ya zame ya koma inda ya saba. Akwai ranakun da ba abin da ya fito sam. Jikin kuwa yana ta raguwa, abinci ya ƙi shiga, muna gani, kowa na lissafi a zuci ba ya faɗa: shin kalmar za ta riga, ko ajali?

Da yamma ne ya cika. Inna da Mma da ni da Liman muna ɗakin. Numfashinsa ya canja, ya riƙa ja da nisa. Liman ya sunkuya daidai kunnensa yana biya kalmar shahada a hankali, ba ya matsa masa, yana biyawa yana yin shiru. Ni ina riƙe da hannunsa na hagu. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Ba mutuwar nake tsoro ba, bakinsa nake kallo, ina roƙon Allah a zuci in ba za ta fito ba to ya bar shi ya yi shiru.

Leɓɓansa suka motsa. Na ji "La." Bayanta sai iska. Ya zare hannunsa daga nawa, ya ɗaga manuniya sama kaɗan, ya riƙe ta haka, sannan hannun ya sauka a kan zanen. Liman ya shafa masa ido.

Abin da na ji ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Shi ya sa ranar jana'iza da tsohuwar nan ta riƙe mini hannu na kasa ba ta amsa. Raɗar ta yi yawa har ta kai kunnen Liman. Kafin a ɗauki makara ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Na ji abin da ake tambaya. Ni ina wurin. Ya cika da kalma. Ni shaida ne." Aka ɗauki kabbara, mata suka yi ajiyar zuciya, wasu suka fara kukan da suka riƙe.

Maganar ta dame ni har ranar addu'ar bakwai. Bayan an watse na same shi yana neman takalminsa a bakin rumfa. Na durƙusa na ce, "Baba Liman, ka yi haƙuri da tambayata. Ni farkonta kawai na ji. Kai ka ji sauran?"

Ya dube ni ya ce, "Abin da kika ji shi na ji."

Na ce, "To amma ka ce wa mutane…"

Ya ce, "Na ce ya cika da kalma, kuma ba zan janye ba. Tun muna samari yake bayana a sahu. Shekarun da ba ma magana ma, ina jin muryarsa yana biya ta bayan kafaɗata. Sannan kin ga yadda ya yi ta kokawa da ita a kan katifar nan, ni ban taɓa wahala a kanta haka ba. Wanda ya ba shi harshen shi ya karɓe abinsa. Kina tsammanin zai tambaye shi abin da ya karɓe?" Ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya yana laluben ɗayan da ƙafa. Ya ce, "Ni ki yi mini addu'a. Nawa harshen lafiyarsa ƙalau, kuma kin ga abin da na yi da shi."

Na tura masa takalmin, ya sa, ya dafa sandarsa ya nufi masallaci.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya buɗe masa baki a inda ake tambaya. Mu da muka rage, Allah ya bar mana harsunanmu har mu faɗa.